Saura mako uku a yi rabin gudun fanfalaki: a ƙara wuta ko a sassauta?

A daren Alhamis da ta wuce gardama ta kaure a fadar da muke shan shayi a Garin Malam, har shayi na biyu ya ƙafe a kan gawayi ba wanda ya lura. Wani ƙanenmu ne ya ba da sunansa a tseren kilomita 21, saura mako uku, ya zo yana shaida mana cewa daga gobe zai riƙa zuwa Mirriya da gudu sau uku a mako har ranar gasa. Rabin fada suka ce namiji ke nan, a ƙara wuta. Ni da wani tsohon soja da ke zama da mu muka ce masa idan ya yi haka, a bakin kwaltar Mirriya zai zubar da ƙarfinsa, ranar tsere gangar jiki kawai zai kai.

Wannan gardama ba ta fadarmu ce kaɗai ba. Duk wanda ke fita bayan sallar asuba ya san yadda masu gudu suka ƙaru a Damagaram: ɗaliban Jami'ar André Salifou, matasan da ke shirin shiga aikin soja ko jandarma, magidantan da likita ya ce su rage teɓa, da mata ƙalilan da suka fara fitowa rukuni-rukuni. Da yawansu sun iya wahalar da jiki. Abin da ba a cika sani ba shi ne yadda ake tafiyar da makonnin ƙarshe, kuma a nan ne aikin wata uku ke lalacewa.

Mene ne rabin gudun fanfalaki?

Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka fara amfani da shi a wasannin Olamfik na Landan a 1908. Rabinsa kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Don mutumin Damagaram ya kwatanta a ransa, daga cikin gari zuwa Mirriya kimanin kilomita 18 ne, wato idan ka isa Mirriya akwai sauran kusan kilomita uku a gabanka, kuma waɗannan ukun su ne masu ɗaci. Zakarun duniya maza suna gama shi ƙasa da awa guda. A cikin mata, Letesenbet Gidey ta Habasha ta yi shi cikin awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a birnin Balensiya na Sifen a 2021. Mu talakawan gudu kuwa tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu da rabi muke.

Wannan tsawon lokaci shi ne ya bambanta shi da zagayen filin tamaula ko gudun kilomita biyar. Gajeren gudu ana iya cin sa da zuciya da taurin kai. Awa biyu a kan kwalta kuwa tana tona asirin duk abin da ka yi wa jikinka a makonnin baya.

Me ya sa ba a fafe gora ranar tafiya

Kuskuren farko shi ne zaton cewa ƙarfi yana shiga jiki a lokacin da ake atisaye. A lokacin atisaye jiki raguwa yake yi. Zaruruwan tsoka suna samun ƙananan yagewa da ido ba ya gani, jijiyoyin agara da gwiwa suna shan duka, abincin da jiki ya ajiye yana ƙarewa. Sai an kwanta, an ci, an yi barci, sannan jiki ke ɗinke abin da ya yage, ya kuma ɗinke shi da ƙarfi fiye da na da. Wannan ɗinki yana cin lokaci. Masu horar da 'yan tsere sun daɗe da lura cewa amfanin atisaye mai nauyi ba ya bayyana sosai sai bayan kwana 10 zuwa 14. Gajiyarsa kuwa nan take take zuwa. Saboda haka dogon gudun da ka yi saura kwana biyar ba zai ƙara maka komai ranar tsere ba, gajiyarsa ce kawai za ta raka ka.

Akwai kuma batun rumbu. Jiki yana ajiye sukarin da ya samu daga tuwo da shinkafa a cikin tsoka da hanta, a wata siffa da masana ke kira gilikojen. Abin da babban mutum ke iya ajiyewa bai wuce kimanin rabin kilo ba, kuma gudu mai ƙarfi na kusan minti 90 yana iya kai shi ƙasa. Wanda ke dogon gudu kullum rumbunsa ba ya taɓa cika, yana zubawa yana ɗiba. Rage atisaye a kwanakin ƙarshe shi ke ba rumbun damar cika har baki.

Wannan ragewa da gangan ita nake kira sassauci. An yi nazari a kanta sosai. A 2007 Laurent Bosquet da abokan aikinsa sun tattara bincike 27 da aka yi a kan 'yan gudu da 'yan ninƙaya da 'yan tseren keke, suka ga abin da ya fi ba da sakamako shi ne sassauci na kusan mako biyu, a rage yawan atisaye da kashi 41 zuwa 60 cikin ɗari, amma a bar saurin yadda yake, a kuma ci gaba da fita kusan yawan ranakun da aka saba. A wasu nazarce-nazarcen kuma, ribar da aka fi samu tana kusa da kashi 3 cikin ɗari. Ƙarama ce a kunne, amma ga mai gudun awa biyu ta haura minti uku da rabi, kuma duk wanda ya taɓa neman rage minti ɗaya a lokacinsa ya san tsadarsa.

Abin da ake ragewa da abin da ake riƙewa

A nan ne mutane ke rabuwa gida biyu, kuma duka biyun suna ɓata. Wasu sun ƙi ragewa. Wasu kuma da sun ji an ce hutu sai su rataye takalmi mako biyu cur, su koma kan tabarma, ranar tsere ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Sassauci yana tsakanin waɗannan: tsawon gudu ake yankewa, saurin kuwa ana riƙe da shi don ƙafa kada ta manta.

Mu ɗauki mutumin da ya saba yin kilomita 40 a mako, yana fita sau huɗu, tserensa kuma ranar Lahadi ne. Makon da ya rage saura uku shi ne makon aiki na ƙarshe. Ya yi arba'in ɗinsa cif, ya rufe da dogon gudu na kilomita 16 zuwa 19 a ranar Lahadin da ta rage saura kwana 14. Wannan gudu shi ne gwajin komai: ya tashi a lokacin da za a tashi ranar tsere, ya karya da abin da zai karya da shi, ya sa takalmi da rigar da zai sa. Idan yana jin ƙarfi, ya yi kilomita huɗu ko biyar na ƙarshe da saurin da yake son yi a gasa. Ba dole ba ne ya cika 21 a atisaye. Wanda ya yi 18 cikin natsuwa, hutun mako biyu da zugar jama'a za su kai shi sauran.

Mako na biye ya sauko zuwa kilomita 28 ko 30. A tsakiyarsa, saura kwana goma, akwai atisaye guda mai muhimmanci: bayan ɗumama jiki, ya yi kilomita biyu da saurin tsere, ya yi sassarfa minti uku, ya maimaita har sau uku. Ranar Lahadi, saura mako guda, kilomita 10 zuwa 12 a hankali sun isa, irin gudun da za ka iya hira da abokinka ba tare da numfashi ya sarƙe ba.

Makon ƙarshe kuwa kilomita 15 zuwa 18 ne gaba ɗaya kafin tsere. Talata ya yi kilomita ɗai-ɗai sau uku da saurin gasa. Alhamis gudu mara nauyi na rabin awa. Juma'a hutu. Asabar ko dai ya huta, ko ya yi minti 15 zuwa 20 a hankali ya ƙara da gajerun zabura uku ko huɗu na mita ɗari don ƙafa ta warware. Wanda makonsa bai kai 40 ba, ya rage bisa wannan kaso. Wanda kuma bai wuce kilomita 20 a mako ba, sassaucin kwana bakwai zuwa goma ya ishe shi, domin gajiyar da ya tara ba ta kai ta wancan ba.

Akwai wani abu da tsare-tsaren da ake samu a intanet ba sa faɗa, domin an rubuta su ne don mutanen da ke yini a kan kujera. A nan garin, mai gudun nan wataƙila shi ne ke tura kurar ruwa unguwa-unguwa, ko yana dakon buhuna a Kasuwar Dole, ko yana kwaɓa siminti daga safe zuwa la'asar. Jiki bai san bambancin gajiyar atisaye da gajiyar neman abinci ba, duk a buhu ɗaya yake zuba su. Irin wannan mutum ya rage gudu fiye da abin da na lissafa, kuma idan da hali ya nemi sauƙin aiki a kwana biyun ƙarshe. Na san ba kowa ke da wannan hali ba, amma gara ya san lissafin da ya yi mamakin ƙafarsa a kilomita na 12. Matasanmu masu ɗaga ƙarfe su ma su ajiye duk abin da ke wahalar da cinya da ƙwauri tun saura kwana goma. Tamaular yamma kuma a haƙura da ita: targaɗe ɗaya a idon sawu ya isa ya shafe aikin wata uku.

Hujjar masu cewa a ƙara wuta

Bai kamata a raina su ba, domin maganarsu tana da tushe. Na farko, suna tsoron ƙarfi ya zube. Gaskiya ne wanda ya daina motsi gaba ɗaya, bayan mako biyu zuwa uku juriyarsa takan fara raguwa. Amma wanda ke fita sau uku ko huɗu a mako yana taɓa saurinsa bai daina ba, kuma jikinsa yana riƙe abin da ya tara.

Na biyu, suna faɗin abin da suka ji a jikinsu: da sun rage gudu sai kasala ta sauko, ƙafa ta yi nauyi, wani ciwo da ba su san da shi ba ya ɓullo a gwiwa, barci ya ƙi zuwa. Wannan ma gaskiya ne, kuma kusan kowa yana jin sa. Har sikeli yakan nuna ƙarin kilo ɗaya ko fiye, domin kowane giram na gilikojen da jiki ya ajiye yana riƙe kusan giram uku na ruwa. Wannan nauyi guzuri ne, za a ci shi a hanya.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙarfi, kuma shi ne ainihin damuwar ƙanen namu da na matsa masa da tambaya. Ya yi zazzaɓi ya rasa mako biyu, yana jin ana bin sa bashi, yana son ya biya kafin ranar. Na ce masa, ƙanena, wannan bashin ba ya biyuwa a mako uku. Abin da zai iya yi shi ne ya sauke burinsa daidai da atisayen da ya samu yi. Idan da yana harin awa 1 da minti 50, ya koma harin awa biyu, ya gama da ƙafarsa. Wanda kuma bai taɓa wuce kilomita 10 ba alhali saura mako uku, shawarata ya tsara tun yanzu zai haɗa gudu da tafiya, ko ya nemi gajeren tsere ya bar wannan sai wani karo.

Rana, ƙura da sauro

Lissafin Damagaram ba ya cika sai an sa yanayi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma mai gudu a irin wannan yanayi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa guda. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14, kuma mu da muke cikinsa mun riga mun saba, don haka babu dalilin fita da tsakar rana a makonnin ƙarshe da sunan gasa jiki. Na sha ganin matasa suna gudu da rigar sanyi ko leda a ciki wai don su yi gumi. Ruwan jikinsu kawai suke zubarwa, kuma suna wasa da ransu. Duk wanda ya ji jiri, ko tsigar jikinsa ta tashi cikin rana, ko hankalinsa ya fara rikicewa, ya tsaya nan take, ya nemi inuwa, a kwara masa ruwa, a kai shi asibiti idan bai dawo daidai ba.

Hunturu ya fi daɗin gudu, safiyar Disamba da Janairu sai ka ji kamar kada ka tsaya. Matsalarsa ƙura ce. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango duwatsun Birni, gara a fasa atisayen da a kwana ana tari saura kwana shida. A makon ƙarshe rasa fita ɗaya ba ya rage komai. Da damina kuma gidan sauro yana cikin kayan atisaye. Wanda zazzaɓi ya kama saura 'yan kwanaki ya je a gwada jininsa, ya sha magani, ya manta da wannan tseren. Gudu da zazzaɓi a jiki yana iya taɓa zuciya, kuma babu lambar yabon da ta kai wannan.

Idan makonnin sun faɗo cikin azumi, a mayar da atisaye mai sauri bayan sallar asham, ko a yi gajere mara nauyi dab da shan ruwa. Idan kuma tseren a Yamai ne, a tuna kusan kilomita 900 ne, yini guda a kujerar bas ƙafa a naɗe. A isa saura kwana biyu.

Tukunya da randa

Ba a buƙatar wani abincin Turawa. Tuwo, shinkafa, taliya, dankali, burodi, kunu da fura duk suna cika rumbu. Abin da ake so shi ne a kwana biyun ƙarshe su zama mafi yawan abin da ke cikin kwano, a rage mai da yaji da nama mai kitse. Wake, dambun zogale da ganye masu yawa abinci ne masu kyau, amma ana gobe tsere sukan tayar da ciki, a bar su sai an dawo. Babban cin a yi shi da rana ranar Asabar, da dare a ci kaɗan. Da safe, awa biyu zuwa uku kafin tashi, koko da burodi ko abin da ka riga ka gwada a dogon gudunka. Wanda zai wuce awa ɗaya da rabi a hanya ya sa dabino uku ko huɗu a aljihu ya fara ci tun wajen kilomita na takwas, matuƙar ya taɓa gwada hakan a atisaye.

Ruwa kuma a sha shi daidai, a bi launin fitsari: idan ya yi fari-fari ya isa. Ɗura lita-lita da safiyar tsere yana da nasa haɗarin, domin ruwa ya yi yawa yana tsinka gishirin jini har mutum ya faɗi. A lokacin zafi, ruwan gishiri da sukari da ake saya a farmasi yana taimakawa. A kuma kula da tsabtar ruwan da ake sha a makon, musamman lokacin da famfo ya ɗauke ana saye a kura. Gudawar kwana biyu tana kwashe duk abin da aka tara.

Dole in taɓo maganar ƙwaya, domin a fadar ma wani ya kawo ta cikin raha. Tramol ba ya ƙara ƙarfi, ciwo yake rufewa, ciwon nan kuwa shi ne ke gaya maka ka tsaya kafin wani abu ya tsinke. Yana kawo jiri da amai, yana iya jawo farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun ranar 1 ga Janairun 2024. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su ma, a sha su kafin dogon gudu cikin zafi da ƙarancin ruwa, suna iya cutar da ƙoda. Shayinmu mai kauri kuwa, a rage na dare a makon ƙarshe don barci ya samu. Idan daren Asabar barci ya ƙi saboda zumuɗi, ba komai, matuƙar an yi na Alhamis da Juma'a sosai.

Takalmi: kada a sa sabo ranar tsere, ko na kanti ne ko na gwanjo. Wanda zai saya ya saya yanzu, ya yi dogon gudunsa na ƙarshe da shi. A yanke farce saura kwana uku, a shafa man baselin a matsematsi da hammata.

Saurin da za a tashi da shi

Aikin ƙarshe na waɗannan makonni shi ne mutum ya yanke wa kansa sauri tun yana gida, ya rubuta a hannu in ya so. Mai son gamawa cikin awa biyu yana buƙatar minti 5 da daƙiƙa 41 a kowace kilomita. Mai son awa 1 da minti 45, kusan minti 5. Mai son awa 2 da minti 15, minti 6 da daƙiƙa 24. Atisayen kilomita biyu-biyu na saura kwana goma shi ke faɗa maka ko lissafinka gaskiya ne: idan ka gama na uku kana jin za ka iya ƙara ɗaya, saurin naka ne. Idan ka gama kana dafe da gwiwa, ka ƙara daƙiƙa goma a kowace kilomita.

Haɗarin sassauci shi ne yana aiki. Ranar Lahadi za ka ji ƙafa sakayau kamar ba taka ba, ga jama'a, ga yara suna zabura tun daga layin farko, sai ka tsinci kanka kana gudun da ya fi naka da rabin minti ba ka ji komai ba. Ba za ka ji ba sai wajen kilomita na 15. Kilomita uku na farko a yi su da ɗan jinkiri fiye da saurin da aka yanke, a zauna a kansa har 16, abin da ya rage a jiki a zuba shi a biyar na ƙarshe.

Ƙanen namu dai mun rabu da shi a kan zai je Mirriya sau ɗaya, ranar Lahadin nan bayan asuba, da dabino a aljihu, wani abokinsa na biye da shi a babur da jarkar ruwa. Dawowa kuma a bayan babur ɗin zai dawo.